Idan An Fara Raɗe-raɗin Rage Ma'aikata: Matakan Kare Haƙƙinka a Dokar Najeriya

Rage ma'aikata ba ya faɗowa dare ɗaya. Kafin takardar sallama ta fito akan ga alamunta: an daina biyan kuɗin ƙarin lokaci, an haɗe sassa biyu a ƙarƙashin manaja ɗaya, albashin da ake biya a ƙarshen wata ya koma sai goma ga wata mai zuwa, manyan kamfani kuma suna ta ganawa ƙofa a rufe. Yawancin ma'aikata suna ƙarar da wannan lokaci ne a kan jita-jita da fatan Allah Ya sa ba da su ba. Addu'a tana da muhallinta, amma ɗan tsakanin nan shi ne damar da mutum yake da ita ta shirya hujjojinsa, domin ranar da aka karɓe katin shaidarsa aka rufe masa imel ɗin ofis, abin da bai riga ya adana ba ya kuɓuce masa. Wannan jagora an yi ta ne don ma'aikaci a Najeriya, musamman na kamfani mai zaman kansa.

Mataki na farko: gano matsayinka a wurin doka

Babbar dokar da ake komawa gare ta ita ce Dokar Ƙwadago, wadda aka kafa a 1974 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sai dai ba kowane mai karɓar albashi ta rufe ba. Sashe na 91 ya taƙaita ta ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya cire masu riƙe da muƙamin gudanarwa ko zartarwa da masu aikin ƙwarewa. Saboda haka lebura, da direba, da maigadi, da mai kula da inji a masana'antar Sharaɗa ko Bompai, duk suna ƙarƙashin inuwarta kai tsaye. Manajan reshen banki, ko injiniya, ko akanta, madogararsa ita ce takardar ɗaukar aikinsa da littafin ƙa'idojin ma'aikata da kuma hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ma'aikacin gwamnati da aka ɗauka bisa ƙa'idojin aikin gwamnati ko dokar da ta kafa hukumarsa ya fi kowa kariya, domin idan an sallame shi ba bisa ƙa'ida ba kotu tana iya umartar a mayar da shi bakin aikinsa, abin da ba kasafai take yi wa ma'aikacin kamfani ba. Shi na kamfani diyyar kuɗi ce yawanci rabonsa.

Akwai kuma 'yan kwantiragi, waɗanda wani kamfanin samar da ma'aikata ya ɗauka ya tura su aiki a banki ko masana'anta. Idan kana cikinsu, duba sunan da ke kan takardar ɗaukarka da sunan da ke fitowa a saƙon albashi, sannan ka lura da wanda yake ba ka umarni kullum. Kotun Ma'aikata ta sha ɗaukar kamfanonin biyu a matsayin iyayen gida tare idan hujja ta nuna haka.

Mataki na biyu: tara takardu tun kana ciki

Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin a wuce wata uku da fara aiki, ciki har da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da tsawon wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Mutane da yawa sun shekara goma a wuri ɗaya ba su taɓa ganin wannan takarda ba, saboda wani kawu ne ya yi musu hanya aka ce su fara ranar Litinin. Rashinta ba ya soke haƙƙi, amma yana tsananta wahalar tabbatar da shi, don haka a nemi abin da zai maye gurbinta.

Ka tattara takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma, da takardun albashi na aƙalla shekara guda, da bayanin asusun banki da ke nuna shigar albashi wata-wata, da hoton katin shaida, da sakamakon tantance ƙwazo na kowace shekara, da duk takardar yabo ko ta tuhuma tare da amsar da ka bayar. Littafin ƙa'idojin ma'aikata ya fi duk sauran muhimmanci a batun rage ma'aikata, domin a nan ne akan rubuta yadda za a lissafa kuɗin sallama da garatuti. Idan akwai yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla da kamfani, nemi kwafinta daga wakilinku. A ajiye duk waɗannan a gida da kuma cikin imel na kanka. Amma a kula: takardun da suka shafi aikinka kai kanka ake nufi. Wanda ya kwashi sirrin abokan ciniki ko lissafin kamfani ya ba su dalilin korarsa da hannunsa, kuma kora saboda laifi tana iya cinye kuɗin sallama gaba ɗaya.

Mataki na uku: san abin da doka ta ce a kan rage ma'aikata

Sashe na 20 ne ya yi magana a kan wannan, kuma ya bayyana shi da cewa rasa aiki ne na dindindin, ba da son ma'aikaci ba, saboda ma'aikata sun fi aikin da ake da shi yawa. Wannan ma'ana tana da amfani ƙwarai, domin tana nufin gurbin ne ya mutu, ba mutumin ne ya yi laifi ba. Idan aka sallame ka da sunan rage ma'aikata, bayan mako uku kuma aka ɗauki wani ya zauna a kujerarka yana yin aikin da kake yi, to da wuya kamfani ya iya kare wannan suna a gaban alƙali.

Sashen ya ɗora wa kamfani nauyi uku. Dole ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da kuma yawan waɗanda za ta shafa. Dole ya bi ƙa'idar cewa wanda ya zo a ƙarshe shi ne zai fara tafiya a cikin kowane rukunin ma'aikata, amma tare da la'akari da ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Sannan dole ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattauna kuɗin sallama. Ga inda dokar take da rauni: ba ta yanka adadi ba. Ba ta ce albashin mako kaza ko wata kaza a kan kowace shekarar aiki ba, sai abin da takardar aiki, ko littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar ƙungiya suka tanada, ko abin da aka cimma a teburin tattaunawa. Shi ya sa ma'aikatan da ke da ƙungiya mai ƙarfi suke fita da abin kirki, waɗanda ba su da ita kuma suke fita da abin da aka ga dama. Inda babu ƙungiya, dokar ta ambaci wakilin ma'aikata, saboda haka waɗanda abin ya shafa suna iya zaɓen mutum biyu ko uku, su sanar da kamfani a rubuce cewa su ne wakilansu, su nemi zama.

Batun la'akari da ƙwarewa shi ne ƙofar da ake shigo da son zuciya. Manaja yana iya cewa ya bar sabon ma'aikaci ya sallami tsohon ne saboda sabon ya fi iya aiki. A nan ne takardun tantance ƙwazon da ka adana za su yi maka rana, domin wanda aka rubuta masa yabo shekara huɗu a jere ba zai zama malalaci a cikin wata ɗaya ba. Ka nemi a faɗa maka ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen zaɓen sunaye, kuma ka nema a rubuce.

Ban da kuɗin sallama akwai notis. Sashe na 11 ya tsara mafi ƙarancinsa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sai wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce. Idan takardar aikinka ta ba da wa'adin da ya fi wannan tsawo, misali wata uku, shi za a bi. Kamfani yana iya biyan kuɗi a madadin notis, amma kuɗin notis daban, kuɗin sallama daban, kada a haɗe maka su a ce an gama.

Wani salon kuma shi ne a ce mutum ya zauna a gida har sai an neme shi, ba albashi, ba takarda. Sashe na 17 ya ce muddin ma'aikaci ya zo yana shirye ya yi aiki, wajibi ne a ba shi aikin ko a biya shi kamar ya yi, sai dai a wani yanayin gaggawa da ya fi ƙarfin kamfani na ɗan taƙaitaccen lokaci. Wanda aka ce masa haka ya rubuta wasiƙa yana tambayar matsayinsa da ranar dawowarsa, kada daga baya a ce shi ne ya gudu ya bar aiki.

Mataki na huɗu: idan an fara matsa maka lamba

Sau da yawa kamfanin da ba ya son biyan kuɗin sallama yakan zaɓi hanya mai araha, wato ya takura wa mutum har ya gaji ya tafi da ƙafarsa. Sai ka ga an ɗauke shi daga Kano an jefa shi wani reshe mai nisa ba tare da kuɗin sauyin wuri ba, ko an ƙwace ayyukansa an bar shi da tebur babu komai a kai, ko takardun tuhuma sun fara zuwa a kan abin da a da ba a tanka masa. Abu na farko shi ne ka buɗe littafi a gida kana rubuta kwanan wata, da abin da ya faru, da wanda ya faɗa, da waɗanda suke wurin. Idan an ba ka umarni da baki wanda kake zargin tarko ne, tura gajeren imel cikin ladabi kana cewa ga abin da ka fahimta daga maganarku ta yau, a gyara maka idan ka yi kuskure.

Takardar tuhuma kuwa a amsa ta cikin wa'adin da aka bayar. A tsaya a kan abin da aka tambaya, a kawo kwanan wata da hujja, a guji zagi. A guji kuma al'adar nan ta buɗe amsa da neman gafara a kan abin da ba a aikata ba. A wurinmu tawali'u ne mutum ya ce a yi haƙuri ko da shi ne mai gaskiya, amma a cikin fayil ɗin ma'aikaci amsa laifi ne, kuma haka lauyan kamfani zai karanta shi a kotu. Idan an kafa kwamitin ladabtarwa, kana da damar a faɗa maka zargin dalla-dalla a kuma saurari ɓangarenka kafin a yanke hukunci.

Akwai abubuwan da doka ta hana kai tsaye. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi da sunan tara, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Sashe na 9 ya hana korar mutum ko cutar da shi saboda shiga ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 54 ya ba mace hutun haihuwa na mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Dokar 2014 ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau, ta 2018 kuma ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Wariya saboda ƙabila ko addini ko jinsi, da neman lalata da ma'aikaciya, duk suna cikin abin da Kotun Ma'aikata take da hurumin saurara.

Duk yadda rai ya ɓaci, kada ka daina zuwa aiki. Wanda ya yi fushi ya zauna a gida ya mayar da kansa mai laifi.

Mataki na biyar: ranar da aka kira ka ofis

Yawanci da yamma ne, sau da yawa ranar Juma'a. Za ka tarar da jami'in sashen kula da ma'aikata da manajanka, ga takarda a kife a kan tebur. Bayan gaisuwa da bayanin halin da kasuwa take ciki, sai a juyo da takardar a miƙo biro, a ce: “Mun ga ya fi maka mutunci ka rubuta cewa kai ka ajiye aiki da kanka, don kada sunanka ya ɓaci.” Wannan ita ce jimla mafi tsada da za ka ji a rayuwar aikinka. Wanda ya ajiye aiki da kansa, a bisa ƙa'ida, ba shi da kuɗin rage ma'aikata kuma ba shi da kuɗin notis, wani lokaci ma shi ake bi bashin notis. Rage ma'aikata kuwa ba abin kunya ba ne, ba ya ɓata sunan kowa.

Amsar da ta dace gajeriya ce: ranka ya daɗe, na ji, a ba ni kwafi in je in karanta, zan dawo da amsa. Idan takardar sallama ce aka ce ka sa hannu don nuna ka karɓa, sa hannu ka rubuta kwanan wata, ka ƙara da cewa shaidar karɓa ce kawai, ba amincewa da abin da ke ciki ba. Idan kuwa takarda ce mai cewa an biya ka dukkan haƙƙoƙinka kuma ba ka da sauran wata da'awa, kada biro ya taɓa ta sai ka yi lissafi ka kuma nuna wa wakilin ƙungiya ko lauya.

Wanda aka riga aka tilasta masa ya rubuta takardar ajiye aiki bai rasa komai da komai ba. Kotun Ma'aikata tana ɗaukar murabus na dole a matsayin kora a fakaice. Sai dai nauyin kawo hujja yana wuyan ma'aikaci. Don haka a ranar, ko washegari, ya rubuta wa kamfani cewa an matsa masa ne, ya ambaci waɗanda suke ɗakin da abin da aka ce masa. Idan ya yi shiru wata shida, ya karɓi kuɗi ya kashe, maganar tilas za ta yi wuyar karɓuwa.

Mataki na shida: lissafa abin da kake bi

A ɗauki misalin mai kula da sito da ya shekara bakwai, albashinsa naira 150,000, kuma littafin ƙa'idojin kamfaninsu ya ce za a biya albashin wata ɗaya a kan kowace shekara idan an rage ma'aikata. Kuɗin sallamarsa naira 1,050,000 ke nan, idan da cikakken albashi ake lissafi. Idan kuwa littafin ya ce gundarin albashi, kuma gundarin nasa naira 60,000 ne sauran duk alawus, to naira 420,000 zai samu. Kalma ɗaya ce ta kawo wannan tazara, shi ya sa ake karanta littafin a tsanake. A kan wannan sai a ɗora albashin da aka riƙe, da kuɗin notis, da kuɗin hutun shekara da bai tafi ba, da garatuti idan tsarin kamfanin yana da shi, da duk kuɗin da ya kashe wa kamfani daga aljihunsa. A cire bashin da kamfani yake binsa, amma a nemi a nuna masa lissafin a rubuce.

Fansho shi ne inda aka fi yi wa mutane ɓarna ba su sani ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kamfanin da dokar ta shafa yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, kuma dole kuɗin ya shiga asusu cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya shiga matsi yakan ci gaba da cire kason ma'aikaci ba tare da ya tura ba. Ka karɓi cikakken bayanin asusunka daga kamfanin da ke kula da fanshonka, ka gwada shi da takardun albashi wata bayan wata. Idan akwai giɓi, hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ake kai wa ƙorafi, kuma akwai tarar da doka ta ɗora wa mai jinkirtawa. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, yana iya cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, kuma takardar sallama tana cikin abin da za a nema a wurinsa. Wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki yana da wata diyya daban a ƙarƙashin dokar 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF take gudanarwa, kuma sallama ba ta shafe ta.

Idan alamu sun nuna kamfanin rufewa zai yi gaba ɗaya, a gaggauta. Ma'aikatan masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta rufe a 2002, sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Dokar kamfanoni ta sa albashin ma'aikata cikin basussukan da ake fara biya idan an rushe kamfani, amma sai dukiyar tana nan za a biya. A irin wannan hali kuɗi a hannu, ko yarjejeniya rubutacciya mai ranakun biya, ya fi alkawari mai tsoka.

Mataki na bakwai: inda za a kai kuka

A fara daga cikin gida da wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfani, mai bayyana abin da ake bi da yadda aka lissafa shi, tare da wa'adi na mako biyu ko makamancin haka, a kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ɗan ƙungiya ya sanar da reshensu, su kuma suna iya ɗaga maganar zuwa uwar ƙungiya da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC ko TUC. Bayan haka akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihohi, inda jami'ai suke gayyatar ɓangarorin biyu a zauna sulhu, kuma ƙananan rigingimu da dama a nan suke ƙarewa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ita ma tana karɓar ƙorafi kyauta, Hukumar Ba da Agajin Shari'a kuma tana taimaka wa marasa ƙarfin ɗaukar lauya.

Idan sulhu ya ci tura, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na uku na 2010, a sashe na 254C, ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'un ƙwadago, don haka kai ƙara babbar kotun jiha ɓata lokaci ne, kai wa 'yan sanda kuma ba hurumin su ba ne. Tana da rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Bauci da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sulhu ta kanta. Wannan gyara ne ya ba ta ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yin amfani da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya, kuma da shi ne ta sha yanke cewa bai dace a sallami mutum ba tare da ingantaccen dalili ba. Tsohuwar ƙa'idar da ke cewa ubangida yana iya sallamar yaronsa da dalili ko babu dalili muddin ya ba da notis ba ta gushe daga kotuna ba, saboda haka lauyan kirki zai gina ƙarar ne a kan sharaɗin da kamfani ya karya a rubuce, sannan ya ɗora batun rashin adalci a kai.

Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, don haka a auna abin da ake bi da abin da za a kashe, kuma waɗanda aka sallama tare su haɗa kai su ɗauki lauya ɗaya. A yi yarjejeniyar kuɗin lauya a rubuce tun farko. Wa'adin shigar da ƙarar karya yarjejeniya shekara biyar ne ko shida gwargwadon dokar jiha, amma wanda zai yi ƙarar hukumar gwamnati ya shigar cikin wata uku da karɓar takardar sallama, domin lauyoyin gwamnati sukan fake da dokar kare jami'an gwamnati mai wannan wa'adi su nemi a kori ƙarar tun kafin a saurari gundarinta.